Ƙafafun Ɗan Maƙeri

Daren Litinin Malam Zira ya ji wata ƙara a bayan ɗaki, irin wadda bai taɓa ji ba a gidansa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai a tsaya, sai a sake.

Da farko ya zaci kunkurun nan ne da ya tsinto bara a bakin mayo, wato kogi, mai ƙafa uku, wanda kan goga bayansa a jikin turmi idan zafi ya ishe shi. Amma kunkuru ba ya jan majina.

Ya ɗauki fitilar ƙwai ya zaga. Matarsa Elizabet ce durƙushe a gindin rumbu, tana dirza cikin wata ƙwarya da yashi da toka. Ta dirza har ƙwaryar ta kusa hujewa.

"Elizabet, me ƙwaryar ta yi miki?"

Ba ta ɗago ba. "Da ita Margret ta ba shi ruwa."

"Wa?"

"Ka san wa, Malam."

Ya sani. Tumba ne, saurayin da ke jan waƙa a majami'arsu, wanda ya ɗaga ido ya ce yana son 'yarsu Margret, ita ma ta ce tana sonsa. Ba shi da wani aibi a hali. Aibinsa ɗaya, ɗan maƙera ne.

A wurin mutanen dutse, ƙira ba sana'a ba ce kawai, jini ne daban. Maƙera ke ƙera fartanya, matansu ke ginin tukwane, su ne kuma ke ɗaukar gawa su binne. Kowa na bukatarsu kamar gishiri, amma ba a haɗa kwano da su, ba a ba su 'ya, ba a karɓi tasu. Duk gidan da maƙeri ke shiga, akwai tsohuwar ƙwarya da aka rataye masa a jikin danga.

Malam Zira mai bishara ne, shi ke kula da ƙaramar ikilisiya a unguwar Yelwa, ta 'yan ƙabilar Kamwe da suka sauko Mubi neman abinci. Shekara guda ke nan da jefa ƙuri'ar da ta bar ƙasar cikin Nijeriya, mutane na ta saukowa daga tuddai, har majami'ar ciyawa ta yi musu kaɗan. Shekara tara yana faɗa musu cewa a gaban Almasihu babu bare.

"A mayo ɗaya aka yi mana baftisma da shi, na sani," in ji Elizabet, hawaye na ɗiga cikin tokar. "Na roƙi Allah ya cire mini ƙyamar nan. Bakina ya yarda, Malam, hannuna ne ya ƙi. Ni na haife ta. In Margret ta shiga gidan maƙera, ranar da ta haihu ba zan iya cin tuwon suna ba."

Ya karɓi ƙwaryar ya ajiye a hankali.

"Shiga ki kwanta."

"Yaya Kwada zai zo gobe," ta ce. "Ni na kira shi."

Washegari da hantsi Baba Kwada ya iso da sandarsa. Yayan Elizabet ne, shi ne kuma babban dattijon ikilisiya. Shi ya fara fasa tukwanen kakanninsa a ƙauyensu, aka kore shi da jifa, tabon na nan a goshinsa. Ba mutum ne da za a ce bai san tsadar bangaskiya ba.

Suka zauna a inuwar ɗorawa.

"Suruki, ba da faɗa na zo ba," in ji shi. "Vandi malamin makaranta ya sake aiko ni neman auren Margret. Yaro ne ɗan gida, mai bi, ga aikinsa ga kekensa. Karo na uku ke nan. Me zan ce masa?"

"Margret ba yarinya ba ce, Yaya. Shekararta ashirin da uku, haihuwa nawa ta taya karɓa a ɗakin shan magani. Ba zan ɗaura mata wanda ba ta so ba."

"Ban ce ka ɗaura ba. Cewa na yi kada ka saki."

Baba Kwada ya zana ƙasa da bakin sanda.

"'Ya'yana mata uku ne. Ranar da aka ce 'yar ƙanwata tana gidan maƙera, wa zai tako ƙofata? Bar wannan ma, nawa ne. Gidaje goma sha ɗaya suka sauko bana suna koyon baftisma. Sun bar giya, sun bar tukwane, iyayensu sun tsine musu. A dutse ana ce musu addinin nan zai mai da ku maƙera, mu kuma muna cewa ƙarya ne. In ka ba da 'yarka, ka gaskata maganar dutse. Za su koma, Malam. Kai za a tambaya ransu."

"Ai gaskiya muke koya musu."

"Gaskiya ma loma-loma ake ba jinjiri. Kada ka ɗora mana dutsen da wuyanmu bai yi ƙwarin ɗauka ba tukuna. 'Ya'yanmu su ɗauka, ko jikoki."

Ya miƙe.

"Jibi Alhamis Jibin Ubangiji ne. Ba na son in ci da kai da magana a ciki. Ka ba ni amsa kafin nan."

Ranar Malam Zira bai ci kome ba. Ya shiga majami'a shi kaɗai ya durƙusa tsakanin bencunan ƙasa. A jikin bangon akwai wani ƙadangare mai wutsiya biyu da ya daɗe yana zama a wurin, yana gyaɗa kai ga kowane wa'azi, mai kyau da marar kyau.

"Ubangiji," in ji shi, "garken naka ne, yarinyar ma taka ce. Ni ban yi karatu mai nisa ba. Ka ba ni hikima."

Kafin la'asar wata dabara ta faɗo masa, ya tashi da murna kamar an amsa.

Laraba da safe ya nufi maƙera a bayan kasuwa. Ya tarar da Tumba yana zuga wuta da zugazugin fatar akuya, ga fartanyu jere da manoman Kwaja da Sahuda suka ba da aikinsu kafin ruwa ya sauka. Da ya ga baƙonsa sai ya bar zugar, ya share dutse, ya rusuna.

"Baba Malam, da ka aiko na zo."

"Zauna, Tumba. Alheri na kawo maka. Ana neman samari a makarantar Littafi. Shekara uku. Muryarka da hankalinka sun isa. Zan rubuta takarda da hannuna."

Tumba ya dubi garwashi.

"Shekara uku," ya ce.

"Ba yawa. Kafin nan zukata sun yi sanyi."

"In na dawo, ɗan wa zan zama?"

Malam Zira ya kawar da kai.

"Baba Malam, in wa'azi kake so in koya, na gode, ko gobe zan tafi. In kuwa ɓoye ni za ka yi har Margret ta gaji, ba sai ka ɓata takarda ba. Ka ce mini a'a. Mu mun saba jin ta."

"Ba haka nake nufi ba."

"Ranar da zan shiga mayo a yi mini baftisma, babana ya riƙe hannuna ya ce, Tumba, kada ka je, ko a saman nasu za su rataye maka ƙwarya a danga. Na ce masa a'a, Baba, na ji Malam Zira da kunnena." Ya ɗago ya dube shi. "Har yau yakan tambaye ni. Har yau ina ce masa a'a."

Ƙarfen da ke cikin wuta ya yi ja har ya fara tartsatsi, ba wanda ya cire shi. Malam Zira ya tashi ya yi sallama da muryar da shi kansa bai ji ba.

Da yamma Margret ta dawo daga aiki, ta same shi zaune a ƙofar ɗaki, Littafi a rufe bisa cinyarsa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta tashi ba.

"Baba, an ce ka je maƙera."

"Na je."

"Za ka tura shi nesa."

"Na yi tunanin zai zama alheri ga kowa."

Ta share ido da bakin ɗankwali, wasu hawayen suka biyo.

"Baba, ba zan gudu ba. Ba zan bi shi ta bayan gida in zubar maka da mutunci ba. In ka ce a'a, zan zauna a ɗakin nan har in yi furfura. Vandi kam ba zan aure shi ba, ba don yana da laifi ba. Abu ɗaya nake roƙo. In za ka ce a'a, ka ce kai ka ce. Kada ka ce Allah ne."

"Margret, kin ga gidajen nan goma sha ɗaya. In suka koma fa?"

"In suka zauna fa, me suka zauna a kai?"

"Ke yarinya ce. Ba ki san nauyin garke ba."

"Ban sani ba, Baba. Amma in yi tambaya, kada ka yi fushi?"

Ya gyaɗa kai.

"Shekara huɗu ke nan Tumba na cin Jibi tare da ku. Wa ya taɓa wanke masa ƙafa?"

"Ai ana wanke masa."

"Wa?"

Ya yi tunani. Shekarar farko wani Bature mai wucewa. Ta biyu da ta uku wani ma'aikacin hanya mutumin kudu. Bara wani baƙo daga Garkida.

"Baƙo ne kullum," in ji Margret. "Kuma kullum a ƙarshen benci, inda babu na gaba da shi da zai wanke wa. Ta ramin zana nake gani daga wajen mata. Kai ke tsara zama, Baba."

"Don kada a samu tashin hankali ne."

"Na sani. Shi ma ya sani. Bai taɓa faɗa ba. Ran nan na ce masa, ba ka jin zafi? Ya ce Malam na da mutane da yawa a wuyansa, bari in zama mai sauƙin ɗauka." Sai kuka ya ci ƙarfinta. "Wannan nake so, Baba. Ba muryarsa ba. Wannan."

A bakin madafa Elizabet na tsaye da muciya a hannu. Ta ji kome. Ta juya ta koma ciki.

Alhamis da sassafe Malam Zira ya bi hanyar Sahuda har inda duwatsu suka fara. Akwai wani falalen dutse da yakan hau, mai rami a tsakiya kamar sawun ƙaton mutum, wanda ruwa ba ya ƙafewa a cikinsa ko a tsakiyar bazara. Ya zauna a gefensa.

Ya rufe ido zai yi addu'a. Da ya buɗe baki sai ya ji kunyar addu'arsa ta shekaranjiya.

"Ubangiji, na ce ka ba ni hikima, ashe wayo nake roƙo. Hanyar da zan bi in fita ban rasa kowa ba, ita nake nema. Na duba, babu ita. Kwada bai yi ƙarya ba, za su koma. Yarinyar ma ba ta yi ƙarya ba. Ni ne na yi shekara huɗu ina ƙarya da benci."

Ba murya da ta zo daga sama. Shaho ne kawai ke kewaya, inuwarsa na ratsa dutsen. Ya so a nuna masa ƙarshen al'amarin, ko mutanen za su dawo wata rana, ko Elizabet za ta iya, ko auren ma zai yi albarka. Ba a nuna masa ba. Abin da ya gani taku ɗaya ne, na yinin nan kaɗai, kuma ya gan shi sarai kamar tafin hannunsa.

"In kuskure ne, ka ɗora a kaina," ya ce. "Kada ka ɗora a kansu."

Ya sauko daga dutsen.

Da la'asar aka buga ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a bishiya, jama'a suka taru. Maza a dama, mata a hagu, zana a tsakani. An jera kwanonin tuwo a rufe, mutum huɗu ga kwano. Amma kafin ci, sai an yi wankin ƙafa. Al'adarsu ita ce mai bishara ya ɗaura tawul ya fara da babban dattijo, wanda aka wanke wa ya karɓi tawul ya wanke wa na kusa da shi, haka har ƙarshen benci.

Baba Kwada ya riga ya tuɓe takalmansa. Tumba na can ƙarshe inda ya saba, ba wanda ya ce masa ya zauna a nan. Bana babu baƙo. Na kusa da shi Vandi ne, da farar riga da agogon hannu, ya bar tazarar mutum guda a tsakaninsu.

Aka ɗauki waƙa. Malam Zira ya ɗaura tawul ya ɗauki daro. Ya zo gaban Baba Kwada ya rusuna masa, sannan ya wuce.

Waƙar ta fara raguwa, benci bayan benci.

Ya durƙusa a gaban Tumba. Ƙafafun duk tabon tartsatsi ne, ƙanana ƙanana kamar an watsa gero.

"Baba Malam," Tumba ya ce da raɗa, "kada ka yi saboda ni."

"Ba saboda kai ba ne. Miƙo."

Ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya miƙe ya kama hannunsa kamar yadda ake yi. Sannan ya kwance tawul ya miƙa masa. Sai a lokacin ya tuna abin da bai lissafa ba a kan dutse. Wanda aka wanke wa, shi ke wanke wa na gaba.

Tumba ya tsaya da tawul a hannu. Hannun da ke ɗaukar gawa. Ya dubi Vandi. Vandi ya sunkuyar da kai, ya janye ƙafafunsa a hankali zuwa ƙarƙashin benci.

Waƙar ta tsaya. Tumba ya fara naɗe tawul ɗin zai mayar.

Malam Zira ya zauna a tazarar nan da aka bari, ya tuɓe takalmansa na taya.

"Ga nawa, ɗana."

Tumba ya durƙusa. Hawayensa na zuba cikin daron, amma ya wanke.

Baba Kwada ya miƙe. Bai ɗaga murya ba.

"Suruki, amsar ke nan?"

"Yaya, ka fi ni shekaru, ka fi ni shan wuya saboda sunan nan. Ba na ƙaryata abin da ka faɗa. Amma in Tumba ya turo manyansa, a cikin gida zan shimfiɗa musu tabarma."

"Ka san abin da ka saya?"

"Ban san dukansa ba."

"Za ka sani."

Ya ɗauki takalmansa a hannu, bai ko sa su ba, ya fita. Vandi ya bi shi. Sai mazan sababbin gidajen suka tashi ɗaya ɗaya, wasu na waiwaye kamar masu son a kira su. A bayan zana aka ji motsin zannuwa da kukan goyo, mata na fita ta tasu ƙofar. Malam Zira bai iya ganin ko su wa ba ne.

Waɗanda suka rage ba su cika benci uku ba. Wani tsoho makaho da bai gane abin da ya faru ba ya ce, "Ba a ci gaba da waƙar ne?" Sai Tumba ya ɗauko ta daga inda ta tsaya. Aka gama wankin, aka ci, aka yi addu'a. Kwanoni da yawa ba a ko buɗe su ba.

Rana na gab da faɗuwa suka kamo hanyar gida, Malam Zira a gaba, Margret a baya da daro a ka. Bai ga Elizabet a ƙofar majami'a ba. Ya ce a ransa ta riga su ne don ta hura wuta.

"Baba," in ji Margret.

"Bari sai mun isa."

Suka isa. Babu hayaƙi a madafa. Ƙofar ɗakin Elizabet a janye take, an sa mata dutse.

Hapsatu matar Bobboi, maƙwabciyarsu Bafulatana, ta leƙo ta kan danga da ƙwaryar nono a hannu, ta yi gaisuwa da Fulatanci. Shekara tara suna aron wuta da gishiri tsakaninsu.

"A hiri jam, Malam? Yau sallarku ta tashi da wuri." Ta dubi uban, ta dubi 'yar, murmushinta ya ragu. "Na ga Elizabet ta shigo ta naɗe tabarmarta ta bi yayanta. Na yi mata magana har sau biyu, ba ta juyo ba. Ga nonon da ta ce in ajiye mata. Yaushe za ta dawo?"

Margret ta sauke daron a hankali. Malam Zira na tsaye a tsakar gida, yana kallon dutsen da ke bakin ƙofar.